Kada Mu Raina Tururi

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawa daga cikinmu in aka ce tururi, sai hankalinmu ya tafi kan tukunyar dambu ko tsohon jirgin ƙasa mai cin kwal. A ganina wannan raini ne, Hausawa kuwa sun ce raina kama ka ga gayya. Har gobe tururi ne ke juya injunan tashoshin lantarki masu ƙona kwal, da na nukiliya, da wasu masu ƙona iskar gas.

Ga yadda abin yake. Idan ruwa ya tafasa a buɗe, tururinsa yakan ci wuri kamar sau 1,700 na wurin da ruwan ya ci. In aka kulle shi cikin tukunyar ƙarfe sai ya rasa mafita, matsinsa ya yi ta ƙaruwa. Daga nan sai a buɗe masa tsukakkiyar ƙofa, watau bakin bututu. Duk wanda ya taɓa danne bakin mesa da yatsa a lambu ya ga yadda ruwa ke fita da gudu. Haka tururi ke yi: matsi ya ragu, gudu ya ƙaru. Wani injiniya ɗan Suwidin, Gustaf de Laval, ya ƙera bututun da ke tsukewa sannan ya sake buɗewa, har tururi ya fi sauti gudu. Tururin nan ke bugun fukafukan farfela, farfela ta juya sandar ƙarfe, sanda ta juya janareto.

Sai dai in farfela ɗaya ta sha dukan ƙarfin nan, juyawarta takan wuce kima. Shi ya sa Charles Parsons na Ingila ya bi wata hanya a 1884. Ya jera farfeloli da yawa, tsakaninsu da kafaffun fukafukai masu saita tururin, kowane layi ya ɗebi rabonsa ya miƙa saura. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Daga ƙarshe a sanyaya tururin ya koma ruwa, a mai da shi tukunya. Injinsa na farko kilowat 7.5 ya bayar. Tashar Egbin ta Jihar Legas kuwa injuna 6 aka kafa mata, kowane megawat 220, kuma daga Japan aka kawo su.

To, nan ne abin ke damuna. Yaushe za mu ƙera namu, alhali muna gudun darasin kimiyya da lissafi? Wasu iyaye kuma in ɗansu ya ce injiniya zai zama, sai su ce, "Aikin baƙin mai? Likita za ka yi." Ina roƙonsu cikin ladabi su tuna, likita ma ba ya fiɗa cikin duhu.

Wani zai ce zamanin hasken rana ya zo, tururi ya tsufa. Hasken rana alheri ne, amma tashar Noor ta Maroko, wadda aka buɗe a 2016, madubai take amfani da su ta tara zafin rana, zafin ya ba da tururi, tururi ya juya farfela.

Saboda haka ina kira ga malamanmu su sa mu gwada ƙera 'yar farfela da gwangwanin madara a gabansu, iyaye kuma su sa albarka ga mai son wannan fanni. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.