Ƙarfafa Gwiwa ko Zuga?



Duk mai bin labaran duniya da Hausa ya saba jin an ce shugaba ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa, ko wata nasara ta ƙarfafa wa 'yan tawaye gwiwa. In da za ka leƙa takardar Turancin da aka fassaro, sau da yawa ba kalma ɗaya za ka tarar ba. Akwai encourage, akwai hearten, akwai inspire, akwai embolden, kuma wanda ya rubuta labarin da gangan ya ɗauki ɗaya ya bar sauran.

Encourage ita ce ta yau da kullum. Daga Faransanci ta shigo, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, tushenta kuwa kalmar Latin ce mai nufin zuciya. Malami kan yi wa ɗalibi, uwa kan yi wa ɗanta, kuma galibi da niyya ake yi. Hearten ma daga zuciyar take, sai dai an fi faɗinta kan wanda jikinsa ya riga ya yi sanyi, wani labari mai daɗi ya zo ya farfaɗo da shi.

Ita inspire asalinta hura numfashi a cikin abu. Wanda ya yi maka ita ba lallai ne ya san kana duniya ba. Nelson Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku kafin a sake shi a 1990, kuma mutane bila adadin da bai taɓa gani ba sun ce shi ya zaburar da su. Zaburarwa ce ta fi kusa da ita a wajenmu.

Inda gizo ke saƙa shi ne embolden. A ƙamus ba ta da wani aibu, ma'anarta sa mutum ya tunkari abin da a da yake shakka. Amma lura da waɗanda jaridun Turai da Amurka suka fi liƙa wa ita: 'yan ta'adda, masu mulkin kama-karya, 'yan fashin teku. Lokacin da Amurka ta janye dakarunta daga Afganistan a watan Agustan 2021, masu sukar matakin ita suka yi ta maimaitawa game da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Abin da suke nufi shi ne an ba su fuska, za su ƙara tsaurin ido. Mai fassarar da ya ce an ƙarfafa musu gwiwa bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da zargin da ke cikin maganar, mai sauraro kuma ba shi da hanyar sanin an zubar. A ganina wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin a kalmar ne marubucin ya nuna ɓangaren da yake.

Daga nan taki ɗaya ne zuwa incite, wato tunzurawa, wadda ita kam kotu take kai mutum. Ranar 13 ga Janairun 2021 Majalisar Wakilan Amurka ta tuhumi Donald Trump da tunzura tayar da ƙayar baya, mako guda bayan magoya bayansa sun kutsa ginin majalisa. Lauyoyinsa suka ce jawabin siyasa ya yi, irin wanda tsarin mulki ya ba shi 'yancin yi. Sanatoci 57 ne suka same shi da laifi, alhali 67 ake buƙata, sai ya kuɓuta.

Kada kuma a ɗauka encourage kullum tsarkakakkiya ce. A Ingila da Wales, wata dokar manyan laifuka ta 2007 ta soke tsohon laifin tunzurawa, ta maye gurbinsa da sababbin laifuka da aka gina a kan wannan kalma: duk wanda ya ingiza wani ko ya taimaka masa ya aikata laifi zai amsa tuhuma, ko da laifin bai kai ga aukuwa ba. Idan labarin irin wannan shari'a ya iso teburin mai fassara, kalmar da zai nema ita ce zuga.