Kiyaye namun daji: darasin damisar Indiya ga ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san damisa tun bai gan ta ba. Ya ji ta cikin tatsuniya, ya ji ana yi mata kirari da ƙi-sabo, ya ji ana kiran jarumi da sunanta. Amma in aka tara yaran makarantun Agye da Gazawa da Gidan Rumji a yau, aka tambaye su wane ne ya taɓa ganin sawunta a ƙasa, da wuya a samu ko ɗaya da zai ɗaga hannu. Haka zancen yake ga zaki da gwanki da jimina, har barewa da gada ma sun kusa zama sai a baki. Wannan babbar hasara ce da ba a yi mata zaman makoki ba, domin sannu-sannu ta zo, kowace shekara ta ɗauki kaɗan, har aka wayi gari dawa ta yi tsit.

Alhali kuwa wannan yanki ƙasar daji ce tun asali. A watan Janairu na 1851, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Gazawa a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya ratsa ƙungurmin daji mai kufan garuruwan da yaƙi ya tashe su. Sarakunan Katsina da suka kafa Maraɗi, da na Gobir da suka kafa Tibiri a 1836, duhuwar Gulbi ce ta zame masu garkuwa daga mahayan Sakkwato. Ko a shekarun 1980 da 1990, garken giwaye na ƙetarowa daga Nijeriya su shiga dajin Babban Rafi, wanda ke bakin iyaka kusa da ƙasar Gidan Rumji da Madarunfa. Yau an daina ganinsu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haɗe da juna, noman gyaɗa na zamanin Turawa ya cinye saura da maƙiyaya. Farin 1973 da na 1984 suka kashe ciyawa da itatuwa, suka ƙafar da tafkuna. Birnin Maraɗi ya girma, kowace safiya yana neman itacen girki. Daga baya bindigar zamani da mota da fitilar dare suka maye gurbin kwari da baka, mahalbi ɗaya ya iya kashe a dare guda abin da kakansa ba ya kashewa a rani guda.

Yadda Indiya ta ceci damisarta

Hausa na kiran dabbobi biyu da suna ɗaya. Akwai damisar Afirka mai roɗi-roɗi, akwai kuma ta Asiya mai ratsin baƙi a kan jar fata, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, kuma ba a samunta a dazuzzukan Afirka. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta cewa akwai wajen 100,000 daga cikinta a duniya. Farauta da saran daji da cinikin fata da ƙashi suka bi ta, har irin na tsibiran Bali da Jaba da na yankin tekun Kasfiya suka ƙare ƙaf. Da Indiya ta ƙidaya nata a 1972, sai ta samu 1,827 kawai.

Shugabar gwamnatin ƙasar ta wancan lokaci, Indira Gandi, ba ta tsaya jimami ba. A 1973 aka buɗe shirin ceton damisa da gandun daji 9, bayan an riga an hana farautarta, aka zuba masu tsaro, aka buɗe hanyoyin da baƙi za su shiga kallo su biya kuɗi. Duk da haka aikin bai tafi sumul ba. A 2005 aka gano cewa gandun Sariska ba shi da damisa ko ɗaya, mafarauta sun kwashe su, alhali takardun ma'aikata na cewa suna nan. Wannan abin kunya ya sa aka sake hanyar ƙidaya: aka ɗaura na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa, aka riƙa gane kowace damisa da ratsinta, domin babu biyu masu zane iri ɗaya. Ƙidayar gaskiya ta 2006 ta ba da 1,411. Daga nan aka riƙa maimaita ta duk shekara huɗu, kuma a 2022 adadin ya kai wajen 3,682, wato kusan kashi uku cikin huɗu na damisoshin dajin duniya. Maƙwabciyarta Nefal ta tashi daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022.

Abubuwa uku ne suka yi wannan aiki: ƙidaya ta gaskiya, tsaron daji dare da rana, da kuma sa jama'a su je su gani da idonsu, har dabbar ta zama abin alfahari da hanyar samun abinci ga direba da ɗan rakiya da mai masauki.

Shaida daga cikin gida

Wani zai ce Indiya ta yi nisa, kuma tana da ƙarfin da Nijar ba ta da shi. To, ga shaida daga cikin gida. A 1996 raƙuman dawa 49 ne kawai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Aka hana taɓa su, aka riƙa ƙidaya su, samarin ƙauyuka suka zama ƴan rakiyar baƙi, aka taimaka wa mazauna wurin da rijiyoyi da ƙananan basussuka, domin su haƙura da waken da dabbobin ke ci masu a gona. Kafin 2018 sun haura 600.

A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2018 aka ɗauko 8 daga cikinsu cikin mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a gandun Gadabeji da ke gundumar Bermo, arewa da Dakwaro, inda irinsu ya ɓace tun shekarun 1970. An ƙaro 4 a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. Gandun Gadabeji, mai faɗin hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke kula da su a 2017. Ke nan jahar Maraɗi na da gandunta, wanda yawancin ƴaƴanta ba su taɓa takawa ba. Wanda ya je can da sanyin safiya, ya ga raƙumin dawa ya miƙa wuya yana tsinkar ganye a saman icce, ya ga barewa ta yi tsalle ta ɓace cikin ciyawa, ba ya bukatar dogon wa'azi. Gani ya kori ji.

Gadabeji na ɗauke da gargaɗi kuma. Mariri na cikin dabbobin da aka keɓe gandun dominsu, amma keɓewar takarda ba ta hana shi ƙarewa ba. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu shi a dajin duniya baki ɗaya, sai da Cadi ta fara maido da shi a 2016 daga waɗanda aka kiwata a Abu Dabi, da wahala da kuɗi masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

Maganar mai gona

Wajibi ne a saurari manomi, domin maganarsa na da nauyi. Wanda rumbunsa bai cika ba, da wuya a burge shi da kyan barewa. Dattawan ƙauyukan da ke kewaye da Babban Rafi ba su manta da yadda giwa ke tattake gonar dawa a dare ɗaya ba. Makiyayi ya san abin da kura da dila ke yi wa garke. A Indiya ma damisa na kashe mutane da shanu kowace shekara, an kuma tashi ƙauyuka da dama daga cikin gandaye, wasu da yardarsu, wasu da kuka. Wannan ɓangare na darasin bai dace da ƙasar Agye ba, inda gona ke jingine da gona, kuma babu filin da za a mai da kowa.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a sako damisa ko zaki tsakanin Gazawa da Agye. Zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, akasarinsu a gandun W da maƙwabtansa na Benin da Burkina Faso, kuma can ne wurinsu. Abin da ake nema a nan shi ne a ceci abin da ya saura: zomo, kurege, bushiya, beguwa, damo, jan biri, zabin daji, fakara, tuje, ungulu, da ƴar barewar da ta rage. Kuma sharaɗin farko shi ne wanda ya ɗauki wahalar zama da dabba ya ci amfaninta. In aka koma ga kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, babu dokar da za ta yi aiki.

Abin da mutanen Agye suka riga suka iya

Abin farin ciki shi ne rabin aikin an riga an yi shi, kuma talakawa ne suka yi. Bayan babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, manoman jahar suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kiyaye shi har ya zama icce. Ƙauyen Dan Saga na gundumar Agye ya yi suna a wannan fanni, da kwamitocinsa na maza da mata masu gadin itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram. Dalilin nasarar ɗaya ne: manomi ya tabbata iccen nasa ne. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na 2020 sun ƙara ƙarfafa masa wannan haƙƙi.

Icce shi ne gidan tsuntsu da inuwar naman dawa. Wanda ya iya maido da icce ya iya maido da abin da ke zama ƙarƙashinsa, muddin aka ba shi irin wannan tabbaci. Ga dazuzzukan hukuma na Dan Kada Dodo da Dan Gado a ƙasar Agye, ga goribar Gulbin Kaba ta wajen Gazawa, ga Babban Rafi. A nan ya kamata a fara.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a ƙidaya. Kowane rani, ma'aikatan gandun daji da ɗaliban Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi su shiga waɗannan dazuzzuka tare da mahalba, waɗanda suka fi kowa sanin sawu da kashi da makwanci, a rubuta abin da aka gani, a karanta shi a gidajen rediyon karkara. Labarin Sariska ya isa ya nuna illar adadin da aka ƙaga a ofis.

Na biyu, a mai da mahalba masu tsaro. Ƙasar Hausa ta san sarkin baka, ta san buɗin daji, wato ta san cewa farauta na da lokaci da shugaba. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 na nan, amma ma'aikaci ɗaya a kan babur ba zai iya gadin dubban hekta ba. In sarakunan gargajiya da masu gari suka ɗora wa mahalba alhakin hana farautar dare, da cinna wa daji wuta, da kisan dabba mai ciki ko mai goyo, aka kuma ba su rabo daga tarar da aka ci, za a ga canji. Fulani da Buzaye makiyaya su kasance cikin shawara tun daga farko, a bar masu burtali da mashaya, domin su ne idon daji.

Na uku, a tsare dajin kansa. Tun wajen 2019 mutanen Gidan Rumji da Madarunfa suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane da ke fakewa a dazuzzukan bakin iyaka, suka kuma karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Nijeriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da hukuma da jama'a suka ƙaurace wa, miyagu ne ke gadonsa. Tsaron namun daji da tsaron rayukan mutane aiki ɗaya ne, hanya ɗaya, masu sintiri ɗaya.

Na huɗu, a kai yara su gani. Kowace shekara, in hali na tsaro ya ba da dama, magadan gari da shugabannin makarantu su zaɓi ɗalibai daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji, maza da mata, na boko da na allo, a kai su Gadabeji. Waɗanda ba su samu zuwa ba a kai su dajin da ya fi kusa da garinsu, wani dattijo ya nuna masu sunan kowane icce da kowane sawu. Bikin dashen itace na 3 ga Agusta, wanda ake yi tun 1975, ya dace ya ɗauki wannan nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamai ma na da rawar takawa a kan mumbari. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai bar ko da ƙaramar dabba a baya ba sa'ad da ya shiga jirgi, kuma an haramta farauta da saran icce a hurumin Makka da Madina. Dabbar dawa amana ce a hannun ɗan Adam, za a kuma tambaye shi a kanta.

Indiya ta fara da damisa ƙasa da 2,000, Kure ta fara da raƙuman dawa 49, manoman Dan Saga sun fara da kututture. Abin da ya rage a dazuzzukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji ya isa a fara da shi, matuƙar hukuma da sarakuna da talakawa sun haɗa hannu tun bai ƙare ba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa jikoki su gaji daji mai rai.