Kada A Kai Dukan Ƙwai Kasuwa

'Yan'uwa manoma, akwai wani karin kumallo da ake yi a ƙasashen Turai da Amurka: burodi gasasshe, da soyayyen ƙwai, da wani dakakken ganye da ake kira pesto. Asalin pesto daga birnin Genoa ne, a lardin Liguria na ƙasar Italiya. Sunan ya fito daga kalmarsu ta "daka". Matan can suna zuba ganyen ɗoɗɗoya irin tasu a turmin dutse, da tafarnuwa, da gishiri, da 'ya'yan wani itacen ƙasarsu, da busasshen cuku, su daka da taɓaryar itace, sa'an nan su zuba man zaitun. Yana cikin littafin girkin Genoa tun 1863. Yau ana sayar da shi a kwalba da tsada a manyan kantuna.

Ba kwalba muke so ku saya ba. Turmi yana kowane gida. Ɗoɗɗoya tana fitowa a bayan ɗaki, tafarnuwa tana kasuwa, gyaɗa kuwa mu ke noma ta. A tsinko ganye cike da hannu biyu, a wanke, a tsane. A daka shi da salar tafarnuwa biyu, da soyayyar gyaɗa cike da hannu ɗaya, da ɗan gishiri, a zuba man gyaɗa cokali huɗu. Ɗoɗɗoyarmu ta fi tasu ƙarfin ƙanshi, saboda haka a haɗa rabi da ɗanyen alayyafo. A tsince gyaɗar sosai, a zubar da duk mai fumfuna ko ɗaci, gama tana cutar hanta. A sa cokali biyu na dakakken a kasko, wuta kaɗan, a fasa ƙwai a kai, man da ke ciki ya isa suya. A bar ƙwan ya nuna sarai, har gwaiduwa ta daskare. A gasa burodi a kan garwashi a ɗora. In babu burodi, masa ko dafaffiyar doya ta yi. A daka na yini ɗaya kawai, domin ba ya jure zafinmu.

Amma babbar maganarmu a kan ƙwan ne. A gidaje da yawa na 'yan ƙungiya, kaji da zabi suna yin ƙwai, ana tarawa har ranar kasuwa, yara kuwa su tafi makaranta da koko kaɗai, kafin ƙarfe goma yunwa ta hana su jin malam. Har yanzu ma akwai masu cewa yaron da ya saba da ƙwai zai zama ɓarawo. Wannan camfi ne. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6 na abin gina jiki, da bitamin A da B12. A 2017 an ba da labarin wani gwaji a ƙasar Ekwado: jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 da aka ba ƙwai ɗaya kullum har wata shida sun fi waɗanda ba a ba su ba girma. Da aka maimaita a Malawi tsayin bai bambanta ba, saboda haka ƙwai ba magani ba ne shi kaɗai, sai da sauran abinci da tsabta.

Wani zai ce da kuɗin ƙwai ake sayen sabulu da littafin makaranta. Gaskiya ne, ba mu ce a daina sayarwa ba.  Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta zauna ta yanke: cikin ƙwai goma, a ajiye uku a gida, a fara da ƙananan yara da mata masu ciki da masu goyo. A taron mata na wata mai zuwa, a zo da turmi da kasko ɗaya a gwada, kowace ta koma gida da dashen ɗoɗɗoya.