Sake Buga Tsofaffin Faya-fayan Jaz: A Riƙe Amana Kafin A Ci Riba

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, ga alama kuwa kamfanonin buga faya-fayai na Amurka da Turai sun riƙe wannan magana da hannu biyu. Tun da faifan garmaho ya farfaɗo, har ya zama a 2022 yawan waɗanda aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD, karo na farko tun 1987, kamfanonin nan suka koma rumbunansu suna zaƙulo kaɗe-kaɗen jaz waɗanda aka ɗauka shekaru 60 ko 70 da suka wuce, suna sake buga su cikin sababbin kwalaye masu sheƙi, suna sayar wa masu sha'awar tara faya-fayai da tsada. Wannan abin murna ne ga duk mai ƙaunar kiɗan. Amma a ganina sake buga tsohon faifai amana ce tun kafin ya zama ciniki, kuma ya kamata mai saye ya san inda aka riƙe amanar da inda aka ci ta.

Jaz kiɗa ne wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Abin da ya bambanta shi da yawancin kaɗe-kaɗen Turawa shi ne mabushi yakan ƙirƙiri mafi yawan abin da zai busa nan take, yana sauraron abokan aikinsa suna sauraronsa, har ya zama in an ce ya maimaita gobe ba zai iya kawo shi daidai da na jiya ba. Saboda haka abin da na'ura ta ɗauka a ranar shi ne aikin, babu wata takarda da za a koma a duba. In ya ɓace, ya ɓace ke nan har abada.

Kiɗan kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1960 Louis Armstrong ya zo Kaduna cikin rangadinsa na Afirka, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Yusef Lateef kuma, wanda faifansa mai suna Eastern Sounds na 1961 yana cikin waɗanda aka sha sake bugawa, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci busar sarewa ta Fulani.

Kafin 1948 fuskar faifai ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 3 ko 4. A shekarar ce kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai ɗaukar wajen minti 20 a kowace fuska, a daidai lokacin da aka fara ɗaukar sauti a kan zaren nan da ake kira tef. Daga tef ɗin asali ake yanka faifai, duk wani kwafe da aka yi daga baya kuwa yakan rage wani abu na tsabtar sautin. Wanda ke riƙe da tef ɗin asali, shi ke riƙe da amanar farko.

A duba faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, wanda aka ɗauka a birnin New York ran 2 ga Maris da ran 22 ga Afrilu, 1959, tare da John Coltrane da Cannonball Adderley da Bill Evans da Wynton Kelly da Paul Chambers da Jimmy Cobb. A ranar farko na'urar da ta ɗauki sautin ba ta juya da saurin da ya kamata ba, saboda haka kiɗa uku na fuskar farko suka fito a bugun sitiriyo da ɗan sauri, amonsu ya ɗan yi sama da yadda aka busa shi. Shekara fiye da 30 duniya tana sauraron faifan a haka. Sai a 1992, da aka koma ga tef domin sabon bugu, aka gyara kuskuren. Wannan shi ne amfanin sake bugawa in an yi shi da kula: yakan mayar wa mai sauraro abin da mabusan suka busa, har ya fi bugun farko kusa da gaskiya.

Haka nan aikin marigayi Michael Cuscuna. A 1975 ya sami izinin shiga rumbun Blue Note, kamfanin da Alfred Lion, wani ɗan gudun hijira daga Jamus, ya kafa a 1939. Ya tarar da tarin tef waɗanda aka ɗauka ba a taɓa fitar da su ba, ya zauna yana sauraro yana tantance wane ne ya busa me, kuma a wace rana. Daga baya shi da Charlie Lourie suka kafa kamfanin Mosaic, wanda ya riƙa fitar da cikakken aikin makaɗi a cikin akwati ɗaya, tare da bayanin kowane zama na ɗaukar sauti. Ba domin irin wannan haƙuri ba, da ayyuka masu yawa sun ruɓe a kan kanta ba wanda ya ji su.

Sai dai fa ba kullum ake samun masu kula irin wannan ba. Ran 6 ga Maris, 1963, John Coltrane da abokan aikinsa uku, watau McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones, suka yini suna ɗaukar kiɗa a ɗakin injiniya Rudy Van Gelder. Tef ɗin da ke hannun kamfani ya salwanta. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafen da Coltrane ya tafi da shi gida, wanda ya zauna a hannun dangin matarsa ta farko, har aka fitar da shi a 2018, bayan shekara 55. Wasan da Thelonious Monk da Coltrane suka yi a zauren Carnegie a Nuwamba 1957 kuwa, wanda Muryar Amurka ta ɗauka, sai a 2005 wani ma'aikaci ya yi kiciɓis da shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Waɗannan sa'a ce ta cece su, sa'a kuwa ba tsari ba ce.

Inda sa'ar ta ƙi shi ne gobarar da ta tashi a harabar Universal da ke Kalifoniya ran 1 ga Yuni, 2008, ta cinye wani rumbun ajiyar tef. Jama'a ba su san girman asarar ba sai a 2019, sa'ad da mujallar jaridar New York Times ta bayyana wata takardar cikin gida ta kamfanin wadda ta ƙiyasta waƙoƙi da kaɗe-kaɗe wajen 500,000. Kamfanin ya ce an zuzuta adadin. Ko da mun karɓi maganarsa, shekara 11 da aka yi ana rufa-rufa ta isa abin zargi, domin kayan da suka ƙone, ko da yake doka ta ce na kamfani ne, gadon al'umma ne.

Amana ta biyu tana tsakanin kamfani da mai saye. Masu tara faya-fayai da yawa sun fi son faifan da aka yanka kai tsaye daga tef ɗin asali, ba tare da an bi da sautin ta cikin kwamfuta ba, kuma sukan biya kuɗi mai yawa saboda haka. Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya yi suna a wannan fage, har wasu faya-fayansa sukan wuce dala 100 kowanne. A Yuli 2022 asiri ya tonu cewa ya yi shekaru yana kwafe tef ɗin zuwa kwamfuta tukuna, sa'an nan ya yanka faifai, bai kuwa gaya wa kowa ba. Ya nemi gafara, aka kai shi ƙara, a 2023 aka sasanta a kan abin da ya kai wajen dala miliyan 25. Abin lura a nan shi ne, masana da yawa sun yi ta yabon sautin waɗannan faya-fayai kafin a gane yadda aka yi su. Ashe laifin ba na kwamfuta ba ne, na ɓoye gaskiya ne. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Mai saye yana da haƙƙin a rubuta masa a bayan kwali daga ina aka ɗauko sautin, wane injiniya ne ya yanka, kamar yadda Blue Note yake yi a jerin da ya fara a 2019 mai suna Tone Poet.

Har ila yau akwai wata ƙofa da dokar Turai ta bari a buɗe. A da haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka yakan ƙare bayan shekara 50. An ƙara shi zuwa 70 daga 2013, amma ƙarin bai shafi waɗanda wa'adinsu ya riga ya cika ba, watau duk abin da ya fito kafin 1963 kowa yana iya bugawa a can. Saboda haka kasuwa ta cika da faya-fayai masu araha na ƙananan kamfanoni waɗanda ba su taɓa ganin tef ɗin asali ba, sau da yawa daga CD suke kwafowa. Wani zai ce ai wannan gata ne ga mai ƙaramin ƙarfi, tun da ya samu ya ji abin da a da ya fi ƙarfin aljihunsa. Akwai gaskiya a maganar, kuma doka ba ta hana ba. Amma sai a faɗa wa mutum abin da yake saye, kada a lulluɓe kwafen kwafe da kwali mai kama da na asali.

Amana ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ta makaɗan kansu. Hank Mobley, mabushin saksafon wanda ya yi wa Blue Note faya-fayai masu yawa, ya rasu a birnin Filadelfiya a 1986 yana da shekara 55, cikin talauci, bayan ciwon huhu ya hana shi busa. Bugun farko na faifansa mai lamba 1568, wanda kaɗan aka buga, an sha sayar da shi dubban daloli a wurin gwanjo. Tina Brooks faifai ɗaya tak aka fitar da sunansa yana da rai, watau True Blue na 1960. Ya rasu a 1974 yana da shekara 42, ba wanda ya damu da shi, sai a 1985 Mosaic ya tattara aikinsa ya fitar. Shi ma bugun farko na faifansa ya zama abin da attajirai ke rububi.

Ko Kind of Blue, wanda a 2019 aka tabbatar cinikinsa ya kai miliyan 5 a Amurka kaɗai, bai wadata duk waɗanda suka yi shi ba, domin bisa al'adar sana'ar 'yan rakiya kuɗin aikin ranar kawai ake biyansu, ba su da kaso a ciniki. Jimmy Cobb, mai ganga, shi ne na ƙarshe da ya rage cikinsu. A farkon 2020 sai da iyalinsa suka nemi gudummawar jama'a domin jinyarsa, a watan Mayu na shekarar ya rasu yana da shekara 91. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanin da ya sayar da faifai ɗaya a garmaho, ya sake sayar da shi a kaset, ya sayar a CD, ya dawo ya sayar a garmaho, bai kamata ya fake da yarjejeniyar 1959 ya ce ya gama biya ba. Ware wani kaso daga kowane sabon bugu domin 'yan rakiya ko magadansu ba zai karya kowane kamfani ba.

Su ma masu tara faya-fayai akwai gyara a wajensu. Cikinsu akwai waɗanda hankalinsu ya koma kan adireshin da aka buga a tambarin faifai da 'yan alamomin da ke gefensa, su sayi faifai su ƙi ɗora masa allura don kada darajarsa ta ragu. Ba laifi ba ne mutum ya so tsohon abu, kuma irin waɗannan mutane sun ceci faya-fayai da yawa daga juji. Amma faifan da aka kulle a akwati ba a ji, bambancinsa da wanda ya ƙone a Kalifoniya kaɗan ne. Mobley ya busa ne domin a saurara.

To, jama'a, duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya sayi sabon bugun tsohon faifai, sai ya juya kwalin ya karanta. In an faɗi tef ɗin da aka yi amfani da shi, da ranar ɗauka, da sunayen makaɗa duka, da izinin masu haƙƙi, to an kama hanyar riƙon amana, ya saya ya ji daɗinsa. In kuwa ya ga an yi shiru a kan waɗannan, sai ya mayar da shi kan kanta. Kamfanoni ba su jin wa'azi, amma suna jin ciniki, kuma ranar da masu saye suka fara tambaya, ranar za a fara ba su amsa. Allah ya sa a gyara tun sauran tef ɗin da suka rage ba su bi sawun 'yan'uwansu ba.