A DAINA CINIKIN BIRI A SAMA

Duk wanda ya zauna a Fatakwal ko Warri ko Eket ya saba da rugugin jirage masu saukar ungulu, waɗanda ke jigilar ma'aikatan man fetur daga tudu zuwa rijiyoyin da ke tsakiyar teku, safe da yamma. Tun bayan da aka sami mai a Oloibiri a shekarar 1956 wannan jigila take haɓaka, kamfanoni irin su Aero da Bristow, daga baya kuma Caverton, suka ci abinci a cikinta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin Azare ko Gamawa ko Shira, wanda ya shekara ashirin yana fataucin shanu a Agege ko yana canji a Sabon Ibadan, ya ɗaga kai ya yi fatan ganin ɗansa a kujerar matuƙi. Buri ne mai kyau. Ƙasar Katagum ta fitar da malamai da manyan ma'aikata irin su Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh, babu kuwa dalilin da zai hana ta fitar da matuƙa.

Abin takaici shi ne yadda ake shiga wannan harka ido rufe. Uba zai kwana uku yana duba haƙoran sa kafin ya saya, amma idan aka zo zaɓen makarantar da ɗansa zai yi karatun jarrabawar tuƙi, sai ya miƙa dukiyarsa ga dillali mai zaƙin baki, saboda kawai ya nuna masa hoton wani yaro sanye da farar riga da igiyoyi a kafaɗa. Dillalin kuwa waƙarsa ɗaya ce, wai karatun aji ba komai ba ne, tashi shi ne aiki, kuma akwai inda za a haddace wa yaro tambayoyi cikin 'yan makonni ya ci jarrabawa. Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma ƙarya ce mai cin dukiya, wani lokaci har da rai.

Ya kamata a fara sanin abin da ake saye. Kafin a ba mutum lasin tuƙin jirgi mai saukar ungulu na haya, wato lasin da zai ba shi damar karɓar albashi, sai ya ci jarrabawar takarda a kan fannonin da hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara. Akwai dokokin sama, da sanin jirgi da injinsa, da lissafin nauyi da mai, da sanin jikin ɗan Adam da iyakar ƙarfinsa, da ilmin yanayi, da sanin hanya, da ƙa'idojin aiki, da hikimar da ke sa jirgi ya tashi, da maganar rediyo. Wannan shi ake kira karatun ƙasa, domin a zaune ake yin sa kafin a hau sama. Makaranta tana koyarwa ne kawai, lasi kuwa hukuma ke bayarwa. A Nijeriya hukumar ita ce NCAA, ita ce kuma ke ba makarantu takardar amincewa. Duk makarantar da ba ta da wannan takarda, komai kyan allonta da sanyin ofishinta, shago ne.

Bambancin yana taɓa aljihu kai tsaye. Mafi ƙarancin abin da ICAO ta yanka shi ne sa'o'i 150 na tashi ga mai neman wannan lasi, amma idan a cikin kwas ɗin da hukuma ta amince da shi aka yi, sa'o'i 100 ne. Kowace ƙasa tana iya ƙarawa a kan haka, amma ma'anar a fili take: karatun da aka tsara, aji da tashi suna tafiya tare, ya fi na tsince-tsince daraja a idon hukuma. Kowa kuwa ya san sa'a guda a sama ita ce mafi tsada a cikin wannan karatu. Yaron da ya hau jirgi bai fahimci darasinsa ba, a sama zai koyi abin da ya kamata ya koya a kan benci, inji yana shan mai, uba yana biya. Araha ba ta ado.

Masu haddar tambayoyi su ne suka fi kowa laifi. Suna tara tsofaffin tambayoyi a kwamfuta, yaro ya yi ta bita har ya gane amsa tun bai gama karanta tambayar ba. Yana iya cin jarrabawa, amma sama ba ta yin tambaya da zaɓi huɗu. Ranar 2 ga Fabrairu 2019 jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya kife a Kabba yayin sauka, bayan da ƙurar da farfelarsa ta tayar ta rufe wa matuƙa gani. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Ranar 9 ga Fabrairu 2024 kuwa, a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum shida suka halaka, ciki har da Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access. Masu bincike na can sun ce matuƙin ya ci gaba da tafiya da ido cikin yanayin da ba a gani, har ya rasa gane sama da ƙasa. Ƙura da hazo da ruɗewar kai duk darussa ne na karatun ƙasa, waɗanda dillali ke cewa ba komai ba ne.

Ɗan Katagum ya fi kowa sanin abin da ake nufi. Ya san hazon hunturu da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda kan rufe gari har mai tsaye a kasuwar Azare ya kasa hango ƙarshen layi. Ya san zafin bazara, lokacin da awo kan haura 40. Malamin kirki zai nuna masa cewa iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka jirgin da ya ɗauki kaya da asuba yana iya gaza ɗaukar su da azahar, kuma zai sa shi ya yi lissafin da hannunsa har ya zauna masa. Idan aiki ya kai shi gaɓar teku, sai ya tarar da wata fitinar, ta hadari da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babu kundin tambayoyin da zai shirya mutum ga waɗannan duka biyu.

Akwai kuma wata yaudara da ba kowa ke lura da ita ba. Makarantu da yawa na jirgi mai fiffike ne, sai su zaunar da mai neman lasin helikwafta a aji ɗaya da sauran, su ce ai duk jirgi jirgi ne. Gaskiya ne dokokin sama da ilmin yanayi kusan ɗaya suke, amma hikimar tashi ta bambanta ƙwarai. Dole ɗalibi ya san dalilin ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana gangar jirgin juyawa. Dole ya san yadda ake sauka idan inji ya mutu, iskar da ke hawowa daga ƙasa ta ci gaba da juya babbar farfela. Dole ya san haɗarin jirgi ya nutse cikin iskar da shi kansa ya tura ƙasa. Malamin da bai taɓa riƙe sandar helikwafta ba, karatun littafi zai yi wa yara, littafin kuwa ana iya saye a kanti.

Sai zancen ƙasashen waje, wanda ya fi komai ruɗin iyaye. Babu laifi a karatu a Afirka ta Kudu ko Amurka ko Turai, akwai makarantu nagari a can. Laifin shi ne a tura yaro ba a tambayi lasin wace ƙasa zai riƙe ba. Jarrabawar kowace hukuma tata ce, kuma tana da wa'adi. A Amurka sakamakon jarrabawar takarda wata 24 yake yi. A tsarin Tarayyar Turai sai an sami maki 75 cikin 100 a kowace takarda, a gama su duka cikin wata 18, sannan a karɓi lasi cikin wata 36, in ba haka ba karatu ya koma sabo. Tun daga farkon shekarar 2021 lasin Ingila ya rabu da na Tarayyar Turai. Wanda kuma ya dawo gida da lasin waje, sai NCAA ta tantance shi kafin ya tuƙa jirgin da ke da rajistar Nijeriya. Daɗin daɗawa, kuɗin waje da dala ake biya. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Duk wanda ya ci jarrabawa a lokacin, kuɗin tashi suka yanke masa, wa'adi bai jira shi ba.

Ko lasin ma ba shi ne ƙarshen tafiya ba. A shekarar 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun yi karatu sun dawo, amma da yawa daga cikinsu sun shekara da shekaru babu aiki, domin kamfanoni suna neman shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgin da suke amfani da shi, ita kuwa wani karatu ne da wasu kuɗi. Idan gwamnati da baitulmalinta ta gamu da wannan, ina ga mai sayar da albasa? Makarantar da ta yi wa uba alkawarin aiki tun ranar biyan kuɗi ta cancanci a tuhume ta.

A gida, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 da taimakon ICAO, ita ce uwa. Akwai wata kwalejin a Ilori, akwai kuma makarantar helikwafta a Inugu mai alaƙa da Rundunar Sojan Sama. Amma suna kaɗai bai isa ba. A 2023 an sayar da jiragen Bell 206 guda biyu na kwalejin Zariya, har Majalisar Wakilai ta shiga bincike. Saboda haka ko a gida sai a je a tambaya: shin takardar amincewarku ta ƙunshi helikwafta? Jirage nawa ne ke tashi a yau? Gani ya kori ji.

Abin da ya wajaba ga uba bai fi ƙarfin kowa ba. Tun kafin kwabo ya fita, a kai yaro wurin likitan da NCAA ta amince da shi, ya sami shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, domin wanda ba ya bambance ja da kore, ko mai ciwon zuciya, yana iya rasa lasi komai ƙoƙarinsa. A auna Turancinsa da lissafinsa da gaskiya, domin ICAO tana neman mataki na huɗu cikin shida a Turancin rediyo, kuma ba gata ba ne a ɓoye wa yaro rauninsa. A nemi ganin takardar amincewar makaranta, a tabbatar da ita daga bakin hukuma. A tambayi su wane ne malaman helikwafta, da sa'o'in da ake zama a aji, da ɗalibai nawa suka ci jarrabawa a zama na farko, a kuma nemi tsofaffin ɗalibai a ji ta bakinsu. Kada a biya kuɗi dunƙule, a biya mataki mataki, a cikin asusun makaranta, da rasiɗi. Idan kuma kuɗin tashi ba su kammala ba, a dakata da jarrabawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Nauyi bai tsaya kan iyaye kaɗai ba. Ƙungiyoyin Katagumawa da ke Ikko da Ibadan da Fatakwal suna tara kuɗi don biki da jana'iza da gyaran masallaci, abin yabo ne kuwa. Bai gagare su ba su nemi tsohon matuƙi ko injiniyan jirgi ɗaya daga cikin 'yan Arewa da ke aiki a Ikeja, ya riƙa duba takardun makaranta kafin wani ɗan'uwa ya sayar da gonarsa ta Madara ko ta Chinade. Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu su ma su daina ba dillalai wurin zama a fadarsu. Gwamnatin Jihar Bauchi kuwa, duk ranar da za ta ɗauki nauyin wani, to ta ɗauka har zuwa shaidar ƙwarewa, ta kuma zaɓa da jarrabawa, ɗan talakan Itas ya zauna benci ɗaya da ɗan mai hannu da shuni.

Dukiyar da aka tara a cikin rana da ruwan Kudu, nesa da iyali, ta fi ƙarfin a zuba ta a hannun wanda ba shi da ko takarda. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, ya ba yara ilmi mai amfani.