Hannu biyu, agogo ashirin

A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da kwats, wato ɗan ƙanƙanin dutsen da batir ke girgizawa domin ƙidaya daƙiƙoƙi. Tun daga nan tsada ta rabu da daidaito. Ɗan Casio mai araha da ɗalibaina ke ɗaurawa ya fi agogon wani na Suwizalan, mai kuɗin gida guda, kiyaye lokaci, balle kuma wayar da ke aljihun kowa. To, me mutum yake nema idan ya tara agogo ashirin, alhali hannu biyu Allah ya ba shi?

Amsa mafi sauƙi ita ce nuna isa, kuma ba na musun akwai masu yin haka. Sai dai ba ta gamsar da ni ba, domin mai tara agogo na haƙiƙa yakan ɓoye mafi soyuwa a akwati, ba ya ɗaura shi sai shekara-shekara.

A 1988 wani masanin halayyar masu saye, Russell Belk, ya yi bayanin cewa ɗan'adam yana ɗaukar wasu kayansa tamkar wani sashe na kansa. Agogo ya fi yawancin kaya dacewa da wannan bayani. Yana manne da fata, yana ɗaukar zufar mai shi, kuma irin wanda ake wanawa yakan tsaya cak idan aka yi watsi da shi kwana biyu. Abu ne da ke buƙatarka. A ganina, a nan sirrin yake: mutumin da kwanakinsa ke zubewa ba da izininsa ba, ya sami wata 'yar na'ura da lokaci ba ya tafiya a cikinta sai ya murɗa.

Sannan akwai labari. A 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a birnin New York kan dala miliyan 17.8. Matarsa, Joanne Woodward, ce ta ba shi, ta sa aka zana masa saƙo a bayansa cewa ya yi tuƙi a hankali, kasancewarsa mai tseren mota. Wannan saƙon, da hannun da agogon ya zauna a kai, su aka biya. Mu ma mun san haka, ko da ba mu kira shi da sunan ilimi ba. Gidaje nawa ne a Kano ko Zariya ke ajiye da tsohon Seiko 5 da mahaifi ya zo da shi tsaraba daga Makka, gilashi ya dushe, amma ba mai yarda a sayar?

Inda nake jin tsoro shi ne, tari ba ya cika. Wanda bai shigo hannu ba kullum shi ya fi kyau, kuma daɗin yana cikin farauta, yana gushewa mako guda bayan saye. Na ga mai albashi da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya makara saboda wannan ƙishirwa, yana kuma kiranta jari. Wasu agogunan kan yi daraja, gaskiya ne, amma mafi yawansu faɗuwa suke yi da zarar sun bar kanti.

Ranar rabon gado kuwa, mai ƙiyasta kaya sunan kamfani zai duba, da nauyin ƙarfe, da takardar saye. Wancan Seiko na Makka, wanda mamacin ya fi ƙauna, shi zai zo a ƙarshen lissafi.