Harafi ɗaya da ya tura al'umma cikin kogo

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Faransanci ya nemi kalmar troglodyte zai tarar an fassara ta da mazaunin kogo. In ya nemi ƙarin bayani, sai a ce masa ai Girkawa ne suka ga irin mutanen da idonsu a gaɓar Bahar Maliya, daga kudancin Masar zuwa Eritriya ta yau. Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin takaici ne a ce ana maimaita ta a aji ba wanda ya ce uffan.

Sunan da ke cikin tsofaffin takardun da aka tono a Masar shi ne Trogodytai, babu harafin l a cikinsa. Daga baya aka cusa masa shi, don ya yi kama da kalmar Girkanci trogle, wato rami. Agatarkides, wanda ya rubuta littafi a kan wannan teku a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), makiyaya ya siffanta: suna bin ruwan sama da dabbobinsu, suna shan madara gauraye da jini, suna faɗa a kan makiyaya har sai tsofaffin mata sun shiga tsakani. Duk wanda ya taɓa ganin rikici a bakin rijiya ya san waɗannan mutane. Amma da harafin ya shiga, ƙarya ta samu ƙafa. Pliniyus, malamin Rum da ya mutu a shekara ta 79, ya ce suna haƙa ramuka, suna cin maciji, ba su da magana sai tsuwa. Maƙwabtansu Bilemiyawa kuwa ya ce ba su da kai, idanu da baki a ƙirji suke. Shi da kansa ya faɗi cewa daga littattafai wajen 2000 ya tsinto iliminsa. Ji ya yi, ba gani ba. Tun kafinsa Herodot ya liƙa sunan ga wasu mutanen Sahara masu gudu, ya ce harshensu kukan jemage ne, kuma masana da dama suna ganin kakannin Tubawa yake nufi. Ashe zagin ya iso har gida. A 1775 aka ɗauki sunan aka raɗa wa biri, wanda masana ke kira Pan troglodytes har yau.

To, ganin haka ne wasu ƴan boko ke cewa a yi watsi da rubutun Girkawa da Rumawa baki ɗaya, wai duk raini ne. Wannan lalaci ne da aka yi wa rawanin kishi. Wanda ya jefar da littattafan ya jefar da shaidunsa, domin a cikinsu ne aka ƙaryata Pliniyus.

A zamaninsa ɗin nan, wajen tsakiyar ƙarni na 1, wani ɗan kasuwa mai jin Girkanci daga Masar, wanda ko sunansa bai iso mu ba, ya rubuta jagorar tashoshin wannan teku. Bai ga marasa kai ba, don da marasa kai ba a ciniki. Ya ga Adulis, ya ƙirga kwana 3 daga can zuwa kasuwar hauren giwa ta Kolowe, da wasu 5 zuwa Aksum. Ya lissafa abin da ake saye: tufafin Masar, gilashi, tagulla, ƙarfen ƙera māsu, gatura, man zaitun. Ya lissafa abin da ake fitarwa: haure, ƙoƙon kunkuru, ƙahon karkanda. Sarkin wurin, Zoskales, ya ce marowaci ne mai son tara dukiya, amma mutumin kirki ne kuma ya iya karatun Girkanci. Ƙorafin falke ne da ya sha wuya a ciniki, kuma ya fi yabo daraja.

Ƙasa ma ta ba shi gaskiya. A Berenike, tashar da Batlamiyus na 2 ya gina wajen shekara ta 275 kafin miladiyya don shigo da giwayen yaƙi, masu tono sun samu tulu ɗan Indiya ɗauke da masoro fiye da kilo 7, a 2022 kuma gunkin Buda na marmara. Wannan ce gaɓar da aka ce ta masu tsuwa ce.

Bilemiyawa marasa kai fa? A ƙarshen ƙarni na 3 sun matsa wa Rum har sarki Diyokletiyan ya janye iyakarsa zuwa yankin Aswan, ya yanka musu kuɗin da za a riƙa ba su kowace shekara. Galibin masana suna ganin Beja na gabashin Sudan zuriyarsu ce, kuma ta cikin ƙasarsu alhazanmu na ƙafa suke ratsawa a zamanin da kafin su hau jirgin ruwa a Sawakin.